Neman shawara: lissafin ƙanƙara da ruwa ya ƙi fita, ga WAEC ta matso

Ɗalibar aji shida, Daura:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina ɓangaren kimiyya, kuma babin zafi a Fiziks ya zame mani ƙarfen ƙafa. Abu uku nake roƙon a warware mani.

Na farko wata tambaya ce: an jefa ƙanƙara giram 50 mai digiri 0 cikin ruwa giram 300 mai digiri 35, a nemo digirin da za su tsaya. Ni 30 nake samu, amsar bayan littafi kuwa 18.6. Na biyu, mun tafasa ruwa a ɗakin gwaji, tamomita ta tsaya a 98, duk wutar da muka ƙara ta ƙi kai 100, wasu suka ce ta lalace. Na uku, na haddace dokokin tamodainamiks amma ban san me suke nufi a zahiri ba. Allah ya saka da alheri.

Malamin Fiziks, Katsina:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin lissafi, ki fara raba abu biyu da ɗalibai ke cakuɗawa, domin daga nan yawancin kurakuran wannan babi suke tasowa.

Matakin zafi shi ne abin da tamomita ke nunawa, da digirin Selsiyas ko Kelbin. Yana gaya maki yadda ƙananan ƙwayoyin abu ke motsi a matsakaici, kuma babu ruwansa da yawan abin. Zafi kuwa kuzari ne da ke ƙaura daga abu mai matakin sama zuwa abu mai matakin ƙasa, ana auna shi da jul, kuma yawan abin yana da tasiri a kansa ƙwarai.

Ɗauki ƙusa mai giram 5 da maƙeri ya gasa har ta yi ja, kusan digiri 600. Jefa ta cikin bokitin ruwa lita 10 mai digiri 30. Zafin da za ta saki: 0.005 × 450 × 570, wato kusan jul 1,280. Ruwa lita 10 yana buƙatar jul 42,000 kafin ya hau digiri ɗaya tak, don haka ƙusar nan za ta ɗaga shi da digiri 0.03 ne kawai, hannunki ma ba zai ji ba. Amma wannan bokiti idan ruwan wanka ne mai digiri 45 ya huce zuwa 30, jul 630,000 ya saki. Ƙusa ta fi shi mataki nesa ba kusa ba, shi kuma ya ninka ta kusan sau 500 a zafin da ya bayar.

Lambar 450 ɗin nan ita ce ƙarfin riƙon zafi na baƙin ƙarfe, wato jul nawa kilo ɗaya ke sha kafin ya hau digiri ɗaya. Na ruwa 4,200 ne, na alminiyam kusan 900, na tagulla kusan 400. Shi ne c a cikin Q = mcΔT, inda Q ke nufin zafi, m nauyin abu da kilo, ΔT kuma sauyin digiri.

Yanzu ga tambayarki. Kin samu 30 ne domin kin ɗauki ƙanƙara tamkar ruwa mai digiri 0. Ƙanƙara sai ta narke tukuna, kuma narkewar tana cin zafi mai yawa ba tare da tamomita ta motsa ba. Wannan shi ne ɓoyayyen zafi, Q = mL, inda L ke nufin ɓoyayyen zafin kilo ɗaya, kuma na narkewar ƙanƙara jul 336,000 ne a kowane kilo. Bi shi daki-daki, bayan kin mayar da giram zuwa kilo:

Zafin narkar da ƙanƙara: 0.05 × 336,000 = 16,800
Zafin ɗumama ruwan da ya narke daga 0 zuwa T, digirin da za su tsaya: 0.05 × 4,200 × T = 210T
Zafin da ruwan ɗumi ya rasa: 0.3 × 4,200 × (35 − T) = 44,100 − 1,260T

Abin da aka rasa daidai yake da abin da aka samu:
44,100 − 1,260T = 16,800 + 210T
27,300 = 1,470T
T = 18.6

Cire 16,800 ɗin nan ki sake lissafi, za ki ga 30 ɗinki ta fito cif. Duk tambayar da kika ga ƙanƙara ko tururi a ciki, rubuta matakan tafiyar kafin ki taɓa kalkuleta: ƙanƙara ta ɗumama zuwa 0 idan ta fara daga ƙasa da haka, ta narke, ruwan ya ɗumama, ya tafasa. Kowane mataki da layinsa. Inda digiri ke sauyawa mcΔT, inda siffa ke sauyawa mL.

Ɗalibin jami'a, Dutsin-Ma:

Game da 98 ɗin nan, ƙanwata, ina ganin wutarku ce ba ta da ƙarfi. Ku gwada da risho mai kyau ko gas.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Katsina:

A'a ɗan'uwa, ba daga wuta ba ne. Da zarar ruwa ya fara tafasa, ƙarin wuta saurin ƙafewa kawai yake ƙarawa. Duk zafin da ke shiga yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi, jul 2,260,000 a kowane kilo, mataki kuwa yana nan inda yake.

Tamomitarku ƙalau take, ƙanwata. Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne idan matsin iska ya kai na bakin teku, milimita 760 na zaiba. Daura da Katsina suna kan tudu, kusan mita 500 sama da teku, matsin iska ya ragu, kuma kowace mita 300 da aka hau tana rage wa tafasar ruwa kusan digiri ɗaya. Saboda haka 98 da 'yan kai shi ne daidai a wajenmu. A Legas ne za ki ga kusan 100. Akasin wannan shi ne tukunyar firesha: tana tare tururi, matsi ya ƙaru, ruwa ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa, wake ya nuna da wuri.

Idan kuna son tabbatar da lafiyar tamomita, ku daka ƙanƙara ku cika kofi, ku bari ta fara narkewa, ku tsoma kan tamomitar a tsakiya na minti biyu zuwa uku. Ya kamata ta nuna 0. Tsayin gari bai cika shafar wannan ba.

Tunda gwajin hannu na tafe, ga yadda ake nemo c na ƙarfe da kalorimita, wato gwangwanin ƙarfe da ake auna zafi da shi, da wuraren da maki ke zubewa. A auna kalorimita babu komai a ciki, a ce tagulla ce giram 60. A zuba ruwa giram 100, a sake aunawa, a rubuta digirin ruwan, a ce 30. A ɗaure guntun ƙarfe giram 200 da zare a rataye shi cikin ruwa mai tafasa na aƙalla minti biyar, kada ya taɓa gindin tukunya domin gindin ya fi ruwan zafi. A karanta digirin ruwan tafasar da ido, kada a ɗauka 100 ne. A ciro ƙarfen, a girgiza shi sau ɗaya ruwan jikinsa ya faɗi, a saka cikin kalorimita nan take, a rufe, a dinga motsawa a hankali, a rubuta digiri mafi girma da aka gani kafin ya fara sauka.

A ce an ga 41.5. Ruwa ya sha 0.1 × 4,200 × 11.5 = 4,830. Kalorimita ta sha 0.06 × 400 × 11.5 = 276. Jimla 5,106. Ƙarfe ya sauko daga 98 zuwa 41.5, wato 56.5. Sai c = 5,106 ÷ (0.2 × 56.5), kusan 452, baƙin ƙarfe ke nan. Wanda ya manta da kalorimita zai samu 427. Wanda ya rubuta 100 a maimakon 98 zai samu 436. Wanda ya tsaya surutu da ƙarfe a hannu iska ta sha zafinsa, amsarsa ƙasa za ta yi. Wanda kuma ya kwaso ruwan zafi tare da ƙarfen, tasa sama za ta yi. A nannaɗe kalorimita da auduga, kuma ido ya daidaita da kan zaiba lokacin karatu. Waɗannan su ne matakan kariya da ake so a gani a takardar amsa.

Ɗalibar aji shida, Daura:

Na gode Malam, na gode Yaya, 18.6 ta fito. To yaushe ake ƙara 273 domin mayar da Selsiyas zuwa Kelbin? Ko a ΔT ma sai na ƙara?

Malamin Fiziks, Katsina:

Kada ki ƙara a ΔT. Tazarar digiri ɗaya na Selsiyas daidai take da tazarar Kelbin ɗaya. Daga 30 zuwa 41.5 tazara 11.5 ce, daga 303 zuwa 314.5 ma 11.5 ce.

Inda Kelbin ya zama dole shi ne duk inda ake ninka T ko ake raba shi, kamar dokokin iskar gas. Sifilin Selsiyas wurin daskarewar ruwa ne kawai, sifilin Kelbin kuwa, wato digiri 273 ƙasa da sifili, shi ne ƙarshen sanyi da babu na ƙasa da shi. William Thomson, wanda daga baya aka naɗa Lord Kelvin, shi ya gabatar da wannan ma'auni a 1848. JAMB na son wannan tarko: iska mai digiri 27 an ɗumama ta zuwa 54 matsi bai sauya ba, girmanta ya ninka? Bai ninka ba. Daga 300 ne zuwa 327, ƙarin kashi 9 cikin 100. Kafin ta ninka sai ta kai Kelbin 600, wato digiri 327 na Selsiyas.

Dokar tamodainamiks ta farko kuwa kin riga kin yi aiki da ita a lissafin ƙanƙara: kuzari ba ya ɓata, ba a ƙirƙirarsa, wuri da siffa yake sauyawa. Ana rubuta ta ΔU = Q − W, inda ΔU ke nufin sauyin kuzarin da ke cikin gas, Q zafin da ya sha, W kuma aikin da ya yi. Gas ya sha jul 500 ya tura fistin da aikin jul 200, jul 300 ne suka rage a cikinsa. Ki duba littafinki da kyau, domin wasu suna rubuta Q + W, su a wajensu W aikin da aka yi wa gas ne. James Joule na Ingila ne ya nuna a shekarun 1840 cewa aiki yana komawa zafi da ƙayyadadden lissafi, ta hanyar juya filafilai cikin ruwa da nauyi mai saukowa. Taɓa bakin famfon keke bayan an buga iska za ki ji ɗumi. Babu wuta a wurin, aikin hannu ne ya shiga cikin iskar.

Mai gyaran firij da AC, Ƙofar Ƙaura:

Malam ya gama da ta farko, bari in kama maki ta biyu da abin da ke cikin gidanku. Dokar ta ce zafi ba ya tashi da kansa daga wuri mai sanyi zuwa wuri mai zafi, sai an kashe aiki an tura shi. Firij ba ya haifar da sanyi, kwashe zafin ciki yake yi ya zubar a waje, kuma sassa huɗu ke wannan aiki.

Kwamfireso yana matse gas har ya fi iskar ɗaki zafi. Gas ya bi kwandensa, baƙin bututun nan na baya ko wanda aka ɓoye a jikin gefe, ya saki zafi ya koma ruwa. Ruwan ya ratsa siririn bututu, matsi ya faɗi. Sai ya shiga bututun cikin firiza ya tafasa a can, domin gas ɗin da ake kira R134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili idan matsin iska na yau da kullum ne. Tafasar nan ɓoyayyen zafi take buƙata, kuma daga jikin zoɓo da naman da ke ciki take zuƙo shi.

Zafin da ke fita ta baya shi ne na ciki haɗe da wutar da kwamfireso ya ci. Shi ya sa buɗe ƙofar firij a watan Afrilu ba ya sanyaya ɗaki, ƙara mashi zafi yake yi, kuma shi ya sa ake kafa rabin AC a waje. Idan aka manna firij da bango, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe kwandensa, zafi ya rasa hanyar fita, kwamfireso ya yi ta aiki babu hutu har ya ƙone. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, a riƙa kakkaɓe ƙurar da buroshi bayan an cire soket.

Injiniya, Katsina:

Ɗaya fuskar dokar ta biyu ta shafi injuna. Babu injin da zai mayar da dukan zafin mai ya zama aiki, dole wani kaso ya fita ta salansa da jikin injin, shi ya sa janareta ke ƙuna. Sadi Carnot na Faransa ya yi bayanin wannan iyaka a 1824, kuma yau ana rubuta ta 1 − Tc/Th, da Kelbin, inda Th ke nufin matakin da injin ke karɓar zafi, Tc kuma matakin da yake zubarwa. Injin da ke karɓar zafi a digiri 527 yana zubarwa a 27: 1 − 300/800, kashi 62.5 cikin 100, wannan ma a takarda ne, na gaske ba ya kaiwa. Mai amfani da Selsiyas zai samu kashi 95, ya faɗi tambayar.

Ki lura da randa ma, ƙanwata, domin ana yawan tambayar sanyin ƙafewa. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu ya ƙafe a jikinta. Giram 100 kawai idan ya ƙafe yana tafiya da sama da jul 226,000, abin da zai iya sauke lita 10 da digiri 5 in ba don zafin da ke shigowa daga waje ba. Busasshiyar iska take so, don haka ta fi sanyi da rani, a Agusta kuwa iska ta ƙoshi da laima sanyinta ya ragu. Randar da aka shafe da fenti ko siminti ta daina wannan aiki. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, domin adana tumatir da alayyafo, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Ga aikin gwaji ki kawo amsa a nan: butar lantarki mai wat 1,500 da ruwa lita ɗaya mai digiri 28, a Daura. Daƙiƙa nawa kafin ya tafasa, kuma minti nawa bayan haka kafin ya ƙafe ƙarƙaf? Wat ɗaya jul ɗaya ne a daƙiƙa, kuma ki ɗauka babu zafin da ya salwanta.

Ɗalibar aji shida, Daura:

Daga 28 zuwa 98 tazara 70 ce. 1 × 4,200 × 70 = 294,000, a raba da 1,500, daƙiƙa 196. Ƙafewa kuma 2,260,000 ÷ 1,500, daƙiƙa 1,507, kusan minti 25. Haka ne Injiniya?

Injiniya, Katsina:

Haka ne, madalla. Idan kika gwada da buta ta gaske zai ɗan haura daƙiƙa 196, domin jikin butar ma yana shan nasa kaso, wani kuma yana bin iska. Ki riƙe agogo ki auna, sai ki raba 196 da lokacin da kika samu ki ninka da 100, ingancin butar ke nan. Kashi na biyun a takarda kawai za ki bar shi, buta idan ta ƙafe tana kan wuta ƙarfen cikinta ƙonewa yake yi.