Jajayen ɗigo a wuyan ƙadangare: ciga ce ko wani abu daban?

Ummi_Zooloji: Assalamu alaikum malamai. Aikina na kammala digiri kan ƙwarin da ke jikin ƙadangare ne, jinsin Agama agama. Akwai jajayen ɗigo cunkushe a ninkin wuya da hammata, wasu kuma ɗaiɗai a ƙarƙashin ɓawon fatar wutsiya. Dukansu ciga ne, wato ƙananan ƙwarin nan masu maƙalewa a fata na dangin Trombiculidae? Kuma yaya ake kaiwa ga sunan nau'in?

Malam_Sule: Wa alaikis salam. Launi ba hujja ba ne, domin dangi biyu ne ke yin ja a jikin ƙadangare. Ki sa su a maikiroskop ki fara ƙirga ƙafafu. Ciga ba ta hawa jikin dabba sai tana jaririya, lokacin ƙafafunta 6, tsawonta wajen milimita 0.2 zuwa 0.3 kafin ta ƙoshi. Manyanta masu ƙafa 8 cikin ƙasa suke rayuwa, suna cin ƙwayaye da ƙananan ƙwari. Saboda haka duk mai ƙafa 8 da kika ciro daga fata ba ciga ba ce.

Na ƙarƙashin ɓawo ɗin nan, na fi zaton Pterygosoma ne, dangin Pterygosomatidae. Macensu ta fi faɗi fiye da tsawo, a baje take yadda za ta shige ƙarƙashin ɓawo, ga gashi da yawa a gefuna. Su jini suke sha, kuma a jikin ƙadangaren suke girma. 'Yan'uwansu Geckobia a jikin tsaka ake samunsu. Sai dai ki kula, jariransu ma ƙafa 6 gare su, don haka ƙirgen ƙafa yana fitar da wasu ne kawai, ba ya yanke hukunci.

Ciga kuwa ba ta shan jini. Tana huda fata, ta zuba yawu mai narkar da tsoka, fatar ta taurare ta zama siririn bututu, ta nan take zuƙa. Shi ya sa take neman inda fata ke da laushi: ninkin wuya, hammata, matsematsi, gefen kunne. Kada kuma a haɗa ta da jigar da ke shiga yatsan ƙafar mutum, waccan ƙuma ce.

Hajiya_Lab: 'Yata, yawancin ɓarna wajen cirewa ake yinta. In kin fizge da hantsaki sai baki ya tsaya a fatar, kuma a bakin nan rabin alamomin suke. Ɗiga itanol a kansu, ki jira kaɗan, ki ɗaga su da bakin siririyar allura ko burushi mai laushi. Ki adana a itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 75. Waɗanda za a yi wa gwajin DNA kuma a kashi 95 ko sama. Kwalba ɗaya ga ƙadangare ɗaya da gurbi ɗaya na jikinsa. Takardar bayani da fensir ake rubuta ta a jefa ciki, biro narkewa yake yi.

Ana ɗora su a gilashi cikin ruwan Hoyer: ruwa tatacce mililita 50, ƙaro giram 30, sinadarin kuloral haidiret giram 200, gilisarin mililita 20. Ƙaro dunƙule ya fi, a jiƙa shi ya narke, a tace. Ɗigo ɗaya, ƙwaro ɗaya, bayansa sama, ƙafafu a miƙe, sannan a kwantar da murfin a hankali daga gefe guda don kada iska ta shiga. Idan ruwan ya yi yawa ƙwaron zai juya a kan gefensa, awo ya lalace. Idan aka danna da ƙarfi ya fashe. A busar a akwatin ɗumi mai zafin digiri 40 zuwa 50 kamar mako guda, a zagaye bakin murfin da jan farce mara launi. Wannan na ƙarshe ne ɗalibai ke tsallakewa. Hoyer na jan laima da damina, da hunturu kuma ya bushe ya tsattsage.

Malam_Sule: To, sunan. A garkuwar baya ake farawa, wato taurarren faifan da ke bayan kai, domin ba ya buɗewa ko da ƙwaron ya ƙoshi ya kumbura. A yawancinsu gashi 5 ne a kanta: ɗaya a tsakiyar gaba, biyu a kusurwoyin gaba, biyu a na baya, ga gashin ji guda biyu a tsakiya. In na tsakiyar gaba biyu ne, da ɗan tsini kamar hanci, kin shiga rukunin Leeuwenhoekiidae, irin su Odontacarus. Wasu masana dangi na daban suke ɗaukarsu, wasu reshe ne kawai. In gashin jin dunƙulalle ne, wuƙar baki kuma da jerin haƙora, ki nufi Schoengastia. In siriri ne dogo, farcen ɗan hannun baki (ƙaramar gaɓar da ke gefen bakin) kuma ya rabu biyu, ki nufi Eutrombicula.

Daga nan sai awo da maikiromita: AW, tazarar gashin kusurwoyin gaba, PW, ta na baya, SB, tsakanin gindin gashin ji, Ip, jimillar tsawon ƙafafu uku na gefe guda. Sai ƙirga gashin baya layi-layi, da duba kowane gashin hannun baki, mai rassa ne ko sumul. Wannan sai da ƙarin girma sau 1000 da man da ake ɗigawa a kan gilashi, an fi son maikiroskop mai fito da abu garai-garai, irin na fes kwantiras.

Ummi_Zooloji: Allah ya saka da alheri. Da yawa gashin jin ya faɗi. Na zubar da su?

Hajiya_Lab: A'a. Dunƙulallen gashin ji da saurin faɗuwa yake, amma gindinsa na nan, SB zai aunu. Ki ɗora aƙalla 10 daga kowane gurbi, ki fi zaɓar marasa ƙoshi, layukan gashinsu ba su warwatse ba. Nazarin masani Stekolnikov na 2018 ya lissafa nau'i 443 na ciga a Afirka, da yawansu daga aikin masana Lawrence a Afirka ta Kudu da Vercammen-Grandjean a Kwango. In awonki bai dace da bayanin asali na wani nau'i ba, ki tsaya a sunan jinsi ki rubuta sp., wato ba a tantance nau'in ba, ki ajiye gilasan da lambarsu don ƙwararre ya duba.