Hayar mota mai rufaffen akwati zuwa bikin Cure Salée a Ingal: ina neman shawara

Mai Rawani Damagaram:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne a Damagaram, rawani da shadda da turare nake sayarwa. Bara na je bikin lasar gishiri na Ingal, wato Cure Salée, karo na farko, na loda kayana a saman buɗaɗɗiyar mota tare da na mutane. Mun wuce Adarbisanat hadari ya taso, bash ɗin da aka rufa kuwa duk huji ne. Da na kwance dila a Agadas sai na tarar baban rawanin ɗan Kura ya zuba a kan farar shadda turmi 6. Har yau suna nan a shago, ko rabin kuɗi ba a taya ba.

Bana na ƙudura in Allah Ya kai mu Satumba zan ɗauki hayar mota mai rufaffen akwati, irin wadda ake rarraba kwalayen kaya da ita a gari. Na samu wata, mai ita ya ce jikka 40 a yini, gazuwal nawa. Mu 5 ne: ni, ƙanena, yaran shago biyu da direba, kuma za mu yi kamar kwana 6 har da tafiya da dawowa. Tunanina shi ne akwatin ya zama shago da rana, da dare mu shimfiɗa katifu a ciki mu ja ƙofa, mun huta da kunama da ruwan sama. To waɗanda suka san hanyar, irin wannan mota za ta kai? Me zan duba kafin in ba da kafin alƙalami? Ruwa nawa zan ɗauka? Kwanan cikin akwatin kuma ya kuke gani?

Tsohon Direba Tawa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya mayar da alherin abin da aka rasa. Na yi shekara 20 da wani abu ina jan babbar mota tsakanin Tawa, Abalak da Agadas, bari in faɗa maka abin da na sani.

Motar za ta kai in tana da lafiya, amma ka cire yashi daga ranka a matsayin babban abin tsoro. A watan Satumba laka ce ke kama mota. Filin Irhazar da ke arewacin Ingal yumɓu ne, shi ya sa ma ciyawa mai gishiri ke fitowa har makiyaya suke kai dabbobinsu. In ruwa ya sauka da dare, da safe sai ka ga saman ƙasa ya bushe ya tsattsage kamar ba komai, ka sa taya ta nutse har gindin mota. Irin motar da kake magana tayoyin baya kaɗai ke ja, ga nauyi. Saboda haka ka tsaya kan kwalta har Ingal, a wurin bikin kuma ka ajiye ta inda ƙasa ke da tsakuwa da ɗan tudu, hancinta na kallon hanyar fita. In ranku ya biya ku ga gishirin Tagidda-n-Tasamt, ku bar ta nan ku nemi mai Land Cruiser ɗan gari.

Da mai mota kuma, Alhaji, a rubuta komai a takarda gaban shaidu biyu. Ka gaya masa ƙarara Ingal za ka, kada ka ce Agadas kawai. A rubuta wa zai biya in taya ta fashe, wa zai biya in inji ya buga, kuma in ruwa ya tsare ku kwana biyu ko za a ƙirga su cikin haya. Ni na fi son direban ya zama na mai motar ne, domin shi ya san halinta, in abu ya lalace kuma babu zargi. Kat giris (takardar rajistar mota), asirans (inshora) da takardar bizit (ta binciken lafiyar mota) duk ka gan su da idonka ka duba kwanan wata, shingayen jandarma na da yawa daga Tanut zuwa Agadas, tafiyar daga Damagaram zuwa Agadas kuwa wajen kilomita 450 ce. Safaya biyu, jak mai ƙarfi da katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai, shebur biyu, igiyar ja. Tafiyar dare babu ita sam. Ku tambayi halin hanya a tashar Agadas, ku bi ayarin motoci.

Bakanike Ɗan Katsina:

Baba Direba ya gama magana a kan hanya. Ni maganar kwana ce ta sa na kasa wucewa. Don girman Allah Alhaji kada ku ja ƙofar nan a kanku. Akwatin nan ba taga, makullinsa kuma ta waje yake. Wani yaro ya zo wucewa ya sauke ƙarfen, ko iska ta buga ƙofar, ku biyar kuna ciki ba mai jin ku cikin kiɗan tande. Na taɓa buɗe irin wannan akwati a garejinmu bayan ya yini a rana, na sa hannu a bangon ciki sai da na janye, zafin kamar murfin tukunya. Ƙarfe ne, yana shan rana tun safe, ba ya hucewa sai dare ya raba.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne gawayi. Sanyin asuba zai sa wani cikin yaran ya ce a shigo da mangal a dafa shayi a ciki. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri ba ya wari, ba ya sa tari, barci kawai yake sa mutum, daga nan sai dai a ɗauko gawa. Janareta ma haka, a ajiye shi nesa, inda iska ke kwashe hayaƙin ba ta turo shi ƙarƙashin mota ba. Gazuwal na jarka kuma kada ya kwana wuri ɗaya da mutane ko da shaddarka, warinsa ba ya fita daga yadi.

Wajen inji: a canza baƙin mai da filtar gazuwal kafin ku tashi, ku riƙe filtar iska sabuwa guda, da bel, da tiyon lagireto. In an shiga yashi za ka ji ana cewa a rage iskar taya. A motar da ke da tagwayen taya a baya a yi hankali, in aka rage da yawa sai su riƙa gogar juna su yi zafi su fashe.

Hajiya Mai Tuwo Agadas:

Alhaji sannu da ƙoƙari. Ni shekara 7 ke nan ina kai tukwanena Ingal lokacin bikin. Ɗana bakanike ya yi gaskiya, amma ban yarda a ce ba a shiga akwatin ko kaɗan ba. Ranar da hadari ya taso da jar ƙura, wadda ba ka ganin tafin hannunka, za ka gode wa Allah da kana da shi. Ku shiga ku fake, ƙofa ɗaya a buɗe an ɗaure ta da igiya a jikin mota, an rataya bargo a bakin. In ya wuce ku fito.

Kwana kam a waje ya fi daɗi. Ku ɗaura bash daga saman motar zuwa sanduna biyu ta gefen da rana ba ta bugawa da yamma, ga rumfa ga shago. Turakun su zama na rodi masu tsawo, na icce iska za ta tumɓuke su. Ku zo da gadajen ƙarfe masu naɗewa da gidan sauro, don damina ce akwai sauro, ku kuma zazzage takalma kowace safiya. Abin da baƙi ba sa shiryawa shi ne ƙarangiya. Lokacin ta nuna, tana kama zani da wando da bargo, in ta shiga cikin rawunanka kuwa ka samu aiki. Ku share wurin tas kafin ku shimfiɗa tabarma, kayan sayarwa kuma a kan tebur ko a rataye.

Ruwa, ni lita 10 nake ƙirga wa kowane mutum a yini, sha da alwala da girki. Ku biyar kwana 6 lita 300 ke nan, ban da na lagireto. Akwai ruwa a Ingal, sai dai taron ya fi ƙarfin gari, ga raƙuma ga shanu, layi kuwa sai ka yi rabin yini. Ka cika a Agadas. Jarkoki masu lita 25 sun fi duro, in ɗaya ta fashe ba ka yi asarar duka ba. Ka kuma ware sukari da ganyen shayi na baƙi daban. Abzinawa ba sa sayen rawani a tsaye, sai an zauna an sha kofi uku. Woɗaaɓe kuma madubi ƙanana da kwalli da turare suke nema kafin rawar yaake, in kana da wuri ka ƙaro su.

Mai Rawani Damagaram:

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ja kwana. Maganar kwana a ciki na janye ta, wallahi ban taɓa lura makullin ta waje yake ba sai da na koma yau na duba. Na kuma ga tayar baya ɗaya ta ciki ta sha faci biyu, na ce sai an canza kafin mu yi takarda, ya ce zai yi shawara zuwa jibi. Baba Direba, saura tambaya ɗaya: jarkoki 12 na ruwa nauyin kilo 300 ne, a ina zan jera su, can ciki ko bakin ƙofa don sauƙin ɗauka?

Tsohon Direba Tawa:

Can ciki Alhaji, jikin bangon da ke bayan direba, a ƙasa, a ɗaure su da igiya kada su yi yawo. Nauyi in ya koma bayan tayoyin baya gaban mota sai ya yi sako-sako, sitiyari ya ƙi jin magana a kan gargada. Ka bar biyu kawai a bakin ƙofa na hanya. Dilolin yadi kuma ka ɗora su kan katako, kada su taɓa daɓen akwatin, ko jarka ta yi yoyo ba za ta same su ba.