Wai me za mu kira wannan abin da nake saƙawa?

1/ Jama'a a agaza min da suna. Sati uku ke nan ina saƙa wani ɗan ƙyalle da kwarashi, na wanke kwanuka, wanda Turawa ke ce wa dishcloth. Mai kusurwa huɗu ne, kowane gefe kamar santimita 20. Maƙwabciyata a nan Unguwar Sarki ta ce in yi mata shida, na buɗe littafin ciniki zan rubuta, biro ya tsaya.

2/ Shi kwarashi ba a kansa muke ba. Asalin kalmar Faransanci ce, ma'anarta 'yar ƙugiya, ta biyo ta Turanci, iyayenmu mata suka lanƙwasa ta har ta zauna a baki. Haka ulu. Abin da ya riga ya zama ɗan gida ba a sake raɗa masa suna.

3/ Goggona na fara tambaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ke dai da neman magana. Tsumma ne." Na ce Goggo ki yi haƙuri, tsumma ai sai abu ya mutu yake zama tsumma. Zani ne ya sha jiki, aka yage shi aka ba madafa. Wannan kuwa sabon zare na sayo a Kasuwar Gumi da kuɗina, na zauna awa biyu a kansa, daga sarƙar farko har na kewaye bakinsa. In na ce wa mai saye "ga tsummanki", da wane bakin zan faɗi farashi?

4/ An kawo magogi. A'a. Kunne na jin magogi sai ya tafi wajen haƙori ko na goga kuɓewa. Tawul ma an ce, amma tawul busarwa yake yi, wannan cikin kumfa yake wuni. Wani malami ya rubuto "mawankin kwanuka", Hausa ce tsab, sai dai mawanki ya fi kama da wurin da ake wankin, kuma ban ga matar da za ta ƙwala wa 'yarta kira ta ce a miƙo mata mawanki ba.

5/ Wata Hajiya daga Kakuri, da ta ce mahaifinta ya yi aiki a masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, wadda aka buɗe a 1957, ita ta tsayar da ni. Ta ce, "'Yata, dubi soso mana." Gaskiyarta. Soso asalinsa ɗan wata yaɗo ne da ke hawa danga, ya bushe a ɓare. Da aka koma yankan buhu, aka ce soson buhu. Da na waya ya zo mai kankare ƙanzo, aka ce soson ƙarfe. Wato kalmar ta daɗe da barin tsiron ta bi aikin: duk abin da ake shafa wa sabulu a cuɗa, soso ne.

6/ Saura kawai soson saƙa ko soson kwarashi. Na fi son na biyu, don saƙa ta yi faɗi, masaƙi ma saƙa yake yi, mai tabarma ma haka.

7/ Tunda an tambaya ta bayan fage yadda ake yin sa: da zaren auduga ake yi, kwarashi mai milimita 4 ko 5. Ulun roba da muke yi wa jarirai hula ba ya shan ruwa, in ya taɓa gindin tukunya mai zafi kuma narkewa yake. A matse shi a shanya a rana bayan wanke-wanke, in ba haka ba ya yi tsami. Fari kuwa kada ki soma, manja zai gama da shi rana ɗaya.

8/ Na rubuta a littafi: soson kwarashi, guda 6. Goggo ta karɓi ɗaya ta jujjuya, ta ce tsumman ya yi kyau, a yi mata kore.