Yaya za mu daidaita ɓangarori a gasar tsofaffin na'urorin neman ƙarfe da sababbi?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta masu neman ƙarafan da ke binne tana shirin gasa tsakanin masu tsofaffin na'urori da masu sababbi, sai dai masu tsofaffin ba su da yawa, kuma suna ganin an cinye su tun kafin a shiga fili. Wace shekara za mu ɗauka a matsayin iyaka, kuma yaya za mu raba mutane ba tare da an ƙwari kowa ba?

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Shekara kaɗai ba za ta raba gardama ba, domin kamfanin Minelab ya fitar da na'urar Sovereign mai aiki da mitoci da yawa (mita ita ce saurin bugun siginar da na'ura take aikawa cikin ƙasa) tun 1991, alhali kamfanin Tesoro ya ci gaba da ƙera na'urori marasa allo har bayan 2010. Ku duba yadda na'ura take aiki: mai mita ɗaya wadda sai da kunne ake gane abin da ta ji, ta shiga tsofaffi, mai allon da ke nuna lambar da ake gane nau'in ƙarfe da ita, irin su Equinox ta 2018 ko XP Deus, ta shiga sababbi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne filin. Fifikon sabuwar na'ura yana bayyana ne a ƙasa mai yawan ma'adinai, da wurin da tsofaffin ƙusoshi suka cika, da abin da ya yi zurfi sosai. Idan kuka zaɓi fili mai tsabta kuka binne sulallan gasar kusa da sama, to saurin hannu da kaifin kunne ne za su yi aiki, kuma a nan tsohuwar na'ura marar nauyi ba ta jin tsoron kowa.

Mai Sabuwar Na'ura:
Na yarda da maganar fili, amma ina ganin ƙwarewar mutane ce babbar matsala. Galibi masu riƙe da tsofaffin na'urori su ne suka daɗe a harkar, sababbin shiga kuwa sabuwa suke saye, saboda haka ƙwarar tana iya komawa kan ɓangaren da ba ku zata ba. Ku kasa mutane gida uku bisa ƙwarewa, ku raba kowane kaso biyu da ƙuri'a, sannan masu na'ura fiye da ɗaya su ara wa ɓangaren da ya gaza. Idan adadin bai zo ɗaya ba, a raba makin kowane ɓangare da yawan mutanensa.

Alƙalin Gasa:
Malam, a kula da tazara tsakanin 'yan gasa. Na'urori biyu masu aiki a kan mita iri ɗaya suna shiga wa juna da ƙara idan sun kusanci juna, kuma yawancin tsofaffin ba su da maɓallin sauya mita kamar sababbi. Ƙaramar na'urar laluben rami kuma, wadda ke nuna daidai inda ƙarfen yake bayan an haƙa, ko dai a yarda kowa ya riƙe ta, ko a hana kowa.