Wai Bayajidda ne uban Hausawa?

Ɗan Tsohon Birni: Jama'a, jiya ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa duk Bahaushe jikan Bayajidda ne. Na ce masa ban yarda ba. Baƙon da ya iso Daura da dare, ya sauka wurin tsohuwa Ayana ya roƙi ruwa, da wane harshe ta gaya masa ba a ɗibar ruwan rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a? Ya tarar da gari, da sarauniya, da rijiya. A Gaya ma maƙera ya iske suka ƙera masa wuƙa. Yaya za a yi ka haifi mutanen da ka tarar?

Kawu na Daura: Yaro, bi a hankali. Mu da muka sha ruwan Kusugu ba mu taɓa cewa shi ya haifi talakawa ba. Sarauta ake nufi. Ya kashe macijiyar rijiyar, sarauniya Daurama ta aure shi, aka sami Bawo. 'Ya'yan Bawo suka riƙe Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, sai Biram, ɗan matarsa ta Barno, ya cika bakwai.

Malamar Tarihi: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ko sarautar da sauran magana. Kafin Daurama an yi jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru, ta farkonsu. Kuma zuwansa daga Bagadaza babu rubutun zamaninsa da ya tabbatar. Wasu masana na ganin sunan ya fito ne daga Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyawa tawaye a arewacin Afirka ya mutu a 947. Masanin tarihi Abdullahi Smith kuwa bai ɗauki labarin a matsayin asalin Hausawa ba sam.

Bakano: Mu dai tun kafin Bagauda akwai Barbushe a Dala. Ku yi ta yi.

Kawu na Daura: Kai Bakano, Bagaudan naku ɗan wa ne? Ba ɗan Bawo ba? Ke kuma 'yata, takarda ba ita kaɗai ke riƙe tarihi ba. Da jihadi ya ci Daura, gidan Sarki Abdu suka bar garin, zuriyarsu ta zauna Zango da Baure kusan shekara ɗari, har aka dawo da Malam Musa, ɗan gidan, kan sarautar Daura a 1906. Ba su mance jerin kakanninsu ba. Ki zo Sallar Gani ki ji maroƙa.

Malamar Tarihi: Na ji su, Kawu, har tsikar jikina ta tashi. Sai dai maroƙi ba ya faɗin abin da zai ɓata wa fada rai.

Ɗan Tsohon Birni: To ni yanzu me zan ce wa yaron? Jarrabawa gare shi ranar Litinin.

Bakano: Ya rubuta abin da malaminsa ya ce, ya karɓi makinsa. Sauran ku ƙarasa a gida.