Wai ina iyakar yarda da kai, daga ina girman kai ya fara?

Maman Haidar:
Salam 'yan uwa, dan Allah a warware min wannan. Ƙanwata ta je intabiyu aka tambaye ta ko za ta iya aikin, ta ce ƙwarai kuwa na iya kuma ta lissafo abin da ta taɓa yi, shi ne ƙawarta ta ce wai wannan ji da kai ne. Abin ya dame ni wallahi, to so ake ta ce ba ta iya ba?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ba ta yi laifi ba. Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya ce a ɗora shi kan taskokin ƙasa don shi mai tsarewa ne masani, Suratu Yusuf aya ta 55. Iblis kuma cewa ya yi "ni na fi shi", to kin ga shi sai da ya taka wani. Kuma a hadisin Ibn Mas'ud cikin Muslim wani ya tambaya ko son sa kaya masu kyau girman kai ne, Manzo (SAW) ya ce a'a, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Injiniya:
Malam ya gama magana. Ni dai abin da nake dubawa, ya mutum yake idan an gyara masa, mai yarda da kansa zai ce kai haka ne fa ban lura ba ya wuce abinsa, mai girman kai kuwa sai ya hau borin kunya ya nemi wanda zai ɗora wa laifin. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam, Dunning da Kruger, a jami'ar Cornell ta Amurka sun gwada ɗalibai, waɗanda suka fi samun ƙaramin maki su suka fi kambama makin da suke zaton sun ci.

Hajjo:
Amma fa yaya kar a manta akwai masu girman kan da ba sa cika baki sam, shiru-shiru kamar na Allah, sai dai ba sa gaida kowa, ba sa tambaya ko sun ɓata, ba sa iya cewa yi haƙuri. Ni waɗannan sun fi ba ni tsoro.

Maman Haidar:
Na gode sosai. Ita kam tana karɓar gyara, yanzu zan tura mata ta karanta.