Dan Allah ku ba ni shawara: na binciki saurayin ƙanwata a intanet, abin da na gani ya hana ni barci

Slm admin, dan Allah a ɓoye sunana. Ƙanwata ce ta haɗu da wani a Facebook kusan wata takwas kenan, yanzu magana ta yi ƙarfi har ya ce bayan sallah zai turo magabata. Mahaifinmu ya rasu, ni ce babba a ɗakinmu, kawunmu da zai tsaya mana kuma mutum ne mai sanyi, duk wanda ya gaishe shi da ladabi ya durƙusa toh shikenan mutumin kirki ne. Shi saurayin ya ce asalinsu Zariya amma a Abuja yake zaune wajen Kubwa, yana da kamfanin gine-gine, kuma ya rantse mata bai taɓa aure ba.

Ni dai haka kawai hankalina bai kwanta ba, daren jiya na karɓi lambarsa a wayarta tana wanka na saka a Truecaller, sai ga suna ya fito wai "Baban wance mai tayil". Baban wa? Daga nan na shiga Facebook ɗinsa na dinga gangarawa ƙasa har data ta kusa ƙarewa, can a 2019 na ga hoto yana riƙe da jaririya cikin shawul ga wata mata a gefensa da lalle har gwiwar hannu, mutane sai barka suke yi a ƙasa, wani har ya rubuta Allah ya raya mana. Wlh ban runtsa ba. Toh yau da safe kuma na ci karo da wani shafi a Instagram wai suna binciken mutum kafin aure ko ɗaukar aiki, ka ba su suna da lambar waya da dubu 25, cikin kwana biyu su haɗo maka duk asusunsa na sada zumunta da tsoffin rubuce-rubucensa da NIN ɗinsa, har ma wai hirarsa ta WhatsApp in ka ƙara kuɗi. In biya su ne? Kuma abin da na yi ɗin nan ba leƙen asiri ba ne da addini ya hana? Yarinyar nan ta mutu a kansa, in na yi magana ba hujja cewa za ta yi baƙin ciki nake mata don ni aurena ya mutu.

Maman 'yan biyu: Yar uwa ki kwantar da hankalinki tukuna. Mijina har yau a unguwa Abban wance ake ce masa da sunan 'yar yayansa tun yana saurayi don shi ya yi mata huɗuba, in kika saka lambarsa a Truecaller abin da za ki gani kenan. Hoto da jaririya kuma ai ranar suna kowa ɗauka yake yi. Ban ce ki yarda da shi ba fa, na ce dai wannan bai kai hujja ba.

Mai gyaran waya, Farm Centre: Hajiya bari in miki bayanin Truecaller don mutane da yawa ba su gane shi ba. Ba daga kamfanin layi yake samo suna ba, ba kuma daga gwamnati ba, daga wayoyin mutanen da suka sauke manhajar yake kwashe yadda suka ajiye lambar, kinga in masu gini goma sun ajiye shi da Baban wance mai tayil toh haka zai fito. Sannan layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi ga wani, sunan tsohon mai layin ya ci gaba da bin sabon, a shagona na sha ganin saurayi ɗan shekara ashirin lambarsa na nuna Hajiya mai atamfa. Kuma mutum da kansa yana iya shiga ya gyara sunan ya saka Alhaji ko Injiniya, don haka ko suna mai kyau kika gani kar ki saki jiki.

Ga abin da za ki yi da kanki kyauta. Ki cire sifilin farko na lambarsa ki saka a OPay ko PalmPay kamar za ki tura kuɗi, in yana da asusu da lambar cikakken sunansa zai fito kafin ki tura ko sisi, ki gwada da sunan da ya faɗa mata. Hotunansa kuma ki ɗauki biyu ko uku ki saka a Google Lens, in na wani ne ya sata ko gidajen da yake sakawa wai aikinsa ne daga wani shafi ya kwaso sau da yawa za ki gan su. Kamfanin kuma ki rubuta sunansa a shafin binciken CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne, zai nuna miki ko yana da rajista da lambar RC da ranar da aka yi. Amma rajista ba ta nufin akwai ofis ko aiki, mutum na iya yi ya ajiye takarda a durowa.

Masu dubu 25 ɗin nan kuwa ki rabu da su. WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya, ba wani ɗan Instagram da zai karanto miki hirar mutum da lambar waya kawai, sai dai in an riƙe wayar mutumin a hannu an haɗa ta da wata na'ura ko an yaudare shi ya ba da lambobi shida ɗin nan da ake turowa. Ko dai su karɓi kuɗinki su yi bulokin ɗinki, ko su haɗa miki sikirinshot na ƙarya ki rusa auren yarinya a banza.

Mai tambaya: Na gode ƙanina Allah ya yi albarka, yanzun nan na gwada OPay sunan ya yi daidai da wanda ya faɗa mata. Kamfanin ma na gan shi a CAC amma an rubuta ba ya aiki, ko me hakan ke nufi?

Mai gyaran waya, Farm Centre: Yawanci rashin kai rahoton shekara-shekara ne yake jawo haka, ƙananan kamfanoni da yawa haka suke. Ba alamar damfara ba ce ita kaɗai.

Barista: Ƙari a kan maganar mai gyaran waya. Duba abin da mutum ya saka a fili da hannunsa ba laifi ba ne. Amma kutse cikin wayarsa ko asusunsa laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma wanda ya biya aka yi ba zai ce ba ruwansa ba. Maganar NIN kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, hukumar NDPC ke kula da ita, ba a ba kowa damar zaro bayanan mutum ya sayar ba tare da izininsa ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ake sayar da bayanan NIN da BVN na 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal, toh ki lissafa, abin naira ɗari na sata za a sayar miki dubu 25. Kuma ki tuna su ma kin miƙa musu lambarki da sunan ƙanwarki da sirrin gidanku, gobe su ne za su kira saurayin su ce ga wadda ta sa a bincike ka, nawa za ka bayar.

Anti daga Amurka: Nan inda muke irin wannan binciken sana'a ce sosai, akwai kamfanoni irin su Checkr da masu ɗaukar aiki ke amfani da su, amma sai mai neman aikin ya sa hannu ya amince tukuna, kuma in an hana shi aiki saboda rahoton dole a ba shi kwafi ya gani ya ce nan an yi kuskure. Shafukan neman bayanan mutane irin su Spokeo kuma da bayanan kotuna da adireshin Amurka suke aiki, in kika saka sunan ɗan Zariya ba abin da zai fito miki, su Spokeo ɗin ma an taɓa cin su tarar dala 800,000 a 2012 kan yadda suke sayar da bayanan mutane ga masu ɗaukar aiki. Ko bizar Amurka ma tun 2019 sai ka rubuta sunayen asusunka na sada zumunta na shekara biyar. Abin da nake so in ce, a nan ma da komai ke rubuce ana haɗa mutum da laifin mai irin sunansa, balle gida da Muhammad Sani ɗaya za ki samu dubu a Facebook.

Na sha wuya: Hmm. Ku dai kuna ta cewa ba hujja ba hujja. Ni nawa Facebook ɗinsa fes, daga karatun malamai sai Juma'at Mubarak sai hoton Ka'aba, yayyena suka duba suka ce wannan ai waliyyi ne. Sai da na tare da wata huɗu na gano yana da wani asusun daban da wani suna, da mata da 'ya'ya uku a wani gari. Mai ɓoye abu ba a shafin da ya ba ki yake ajiye shi ba. Ni shawarata ki bar kallon abin da shi ya rubuta, ki kalli abin da mutane suka rubuta masa, wa ke ce masa ango, wa ke ce masa ya iyali, su wa suka yi tagin ɗinsa a biki. Matar hoton nan ki danna ki gani ko an yi tagin ɗinta, ki duba sunan mahaifinta, in ɗaya ne da nasa toh 'yar uwarsa ce.

Maman 'yan biyu: Allah sarki, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Amma kinga naki ma ai a ƙasa aka gano ba a waya ba.

Na sha wuya: Maƙwabciyar uwargidan ce ta zo biki unguwarmu ta gan shi, gaskiyarki.

Malam: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah bincike kafin aure ba ya cikin tajassusin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana, matuƙar don maslaha ake yi kuma aka tsaya iya buƙata. Faɗimatu bint Ƙais ta je wa Annabi (SAW) da maganar mutum biyu da suka nemi aurenta, Mu'awiya da Abu Jahm, ya faɗa mata aibin kowanne a fili, ɗaya ba shi da dukiya ɗaya kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya ba ta shawarar Usama bin Zaid, hadisin yana cikin Muslim. Amma a surar dai, aya ta 6 cewa ta yi in labari ya zo a tabbatar tukuna. Duba abin da ya bayyana da kansa babu laifi, sa a fasa masa waya kuwa shi ne tajassusin. Abu ɗaya da zan miki gyara, ɗaukar wayar ƙanwarki tana wanka bai dace ba, ki faɗa mata da bakinki kafin ta gano. Kuma don Allah kar hoton nan ya fita zuwa guruf ɗin dangi, in ta tabbata ƙanwarsa ce kin ɓata sunan mutum biyu.

Ɗan Kwari: Wato yanzu duk shirmen da muka rubuta a 2013 muna sakandare shi za a tono mana ranar neman aure?? Bari in je in yi shara a shafina kafin surukai su iso.

Hajiya Babba: 'Yata ku yaran yanzu komai waya. Mu da aka tashi aurar da 'ya'yanmu mutum ake tashi ya hau mota ya je garin, ya yi sallar la'asar a masallacin unguwarsu, ya zauna wajen mai shayi, ya gaida mai unguwa, kafin magariba ya san har kakan yaro da sana'ar gidansu da ko ana sakin mata a gidan. Zariya ce fa ba bangon duniya ba, daga Kano awa nawa ne. Ki ce ya faɗi unguwarsu da sunan gidansu, Tudun Wada ne ko Sabon Gari ko cikin birni, in ya fara kame-kame kin samu amsarki. Kuma a tura mutum biyu daban-daban kada su san juna, ɗaya namiji ɗaya mace, don maganar aure da haihuwa mata ne suka sani, maza sai su ce miki yaron kirki ne yana jam'i. Dubu 25 ɗin ki ba su kuɗin mota. A Kubwan ma a samu wanda zai je ya ga inda yake kwana da idonsa.

Ma'aikaciyar jinya: In a Kano za a ɗaura kar ku manta tun 2024 doka ce sai an yi gwajin jini kafin aure, jinotayif da HIV da ciwon hanta da sauransu. Ku je asibiti tare a yi a gabanku, kar ku karɓi takardar da aka turo ta WhatsApp.

Mai tambaya: Na gode kwarai jama'a Allah ya bar zumunci, ba zan biya su ba in sha Allah. Na koma hoton kamar yadda 'yar uwa ta ce, ba a yi tagin matar ba amma a cikin masu barka akwai wanda ya rubuta kawu ya samu 'ya, wani kuma ya rubuta angon ƙarni, kun ga ni nan na ƙara rikicewa. Na faɗa wa ƙanwata komai da azahar, ta yi kuka ta yi fushi ta rufe ɗaki, amma ɗazu ta fito ta ce ta tambaye shi unguwarsu ya ce Tudun Jukun, har ya ba ta lambar yayansa. Mijin ƙanwar mamanmu zai je ranar Asabar. Macen ce ban samu ba tukuna, ko akwai 'yar Zariya a nan da za ta taimaka ta yi wa admin magana ya haɗa mu?

Admin: Mutum biyu sun yi magana, duba inbos ɗinki.